Yadda Ake Tuzuranci Cikin Mutunci a Shagon Gidan Alhaji

Ka gama bautar ƙasa, ka samu ɗan aiki, dillali ya zaga da kai Ɗorayi da Rijiyar Zaki, ya faɗa maka kuɗin ciki da falo na shekara guda a dunƙule, ban da la'adarsa. Ka juyo gida jiki a sanyaye, ka kwanta a shagon da aka ba ka tun kana aji uku na sakandare. Sannu, ɗan'uwa, kuna da yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya kai wajen naira dubu 10, mai gidan haya kuwa da farashin siminti yake lissafi, alhali mafi ƙarancin albashi sai a watan Yulin 2024 aka kai shi dubu 70 a wata. Zamanka a gida ba abin kunya ba ne, sai dai yana da ladubba.

Fara da ƙofa. Alhaji ƙarfe goma yake sa sakata, ko da furfura ta fara leƙo gemunka. Kada ka ja da shi. Nemi ƙanenka marar nauyin barci, ka riƙa saya masa data, shi ne mabuɗinka. Kuma duk daren da ka raba a majalisa, asuba ta same ka a sahu, domin Alhaji na waiwayawa bayan sallama yana ƙirga 'ya'yansa.

Sai batun tuwo, wanda nan ne mutuncin tuzuru ke tsayuwa ko ya zube. Kullum langarka na rufe tana jiran ka, to kada a san ka da buɗe langa kawai. Cika tukunyar gas kafin ta ƙare, sallami mai ruwa, sa katin wuta, ka ajiye kwano biyu na shinkafa a madafa ka fice abinka. Kada ka yi shela. Hajiya za ta gani, kafin la'asar kuwa labarin ya isa Kaduna ta waya. Ranar da ka yi sha'awar tsire, ko ka saya wa kowa, ko ka cinye a gaban mai nama, don leda ba ta da sirri, hancin ƙanne kuma ba ya kuskure.

Gwaggo za ta zo, za ta kuma tambaya: "Yaushe za mu sha biki?" Ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, a taya mu da addu'a, muhalli ake nema." Daga nan ka tambaye ta nawa ake ba da haya a unguwarsu. Da kanta za ta canza zance. In azumi ya raba tsakiya aka fara tashen gwagware, shiga shago da wuri, mutanen Nalako, sarkin gwagware, sun san layinku.

Kakanninmu a gandu suka zauna: ɗa ya yi aure a yanka masa sashe a gidan uba. Fili ne ya ƙare a birni. In akwai kango a bayan gidanku, sami Alhaji bayan isha ku yi magana. Yarinyar da kake zuwa zance wurinta ma ka gaya mata halin da ake ciki, ita ma jira take a ɗakin mahaifiyarta, gwaggonninta kuma sun fi taka naci.

Hayar da ba ka biya, biya ta ga kanka duk ƙarshen wata. Shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, ka nemi fuloti a bayan gari, da takarda da shaidu da sa hannun mai unguwa. Bulo kuwa ɗari-ɗari za ka riƙa bugawa, ka sa ƙanen nan mai buɗe sakata ya riƙa zuwa ba shi ruwa.