Buhu Nawa Take Ɗauka?

Gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisarmu su riga ni. Na taɓa biyan kuɗi aka sassauke mini mota har cikinta ya kusa lasar ƙasa, bayan shekara ashirin kuma na sake biyan kuɗi aka ɗaga mini wata. Duk a garin nan na Minjibir, hanyar da nake bi ba ta canja ba, kuma kowane karo na dawo gida ina jin babu wanda ya kai ni sanin mota.

Ciwon tun na ƙuruciya ne. Muna yara, da an yanke dawa sai mu tsinci kara mu ƙera motoci, mu yanka tsohon silifa mu yi tayoyi. Kowa Fijo 504 yake ƙerawa, don ita ce motar da muka sani, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita ce ta jami'in gona, ita ce ta mai duba makarantu. Ni kaɗai nake liƙa wa tawa takardar alawa mai ƙyalli. Ba ta fi ta kowa gudu ba, amma ta fi tara 'yan kallo, kuma ina jin tun daga nan na lalace.

Da na fara koyarwa na shiga adashi, na haɗa kwasata da kuɗin wani sa da na turke shekara guda, a 2004 na sayi Honda Hala. Lokacin motocin Kwatano ne ke tashe, amma tawa ta riga ta ga duniya, ni ne na huɗu a kanta a Najeriya kawai. Lafiyarta ƙalau. Ni ne na ƙi barinta ta zauna lafiya. Na kai ta birni aka rage mata tsayi, aka sa ƙafafu masu ƙyalli, aka manna baƙin gilashi, aka huda salansa don a ji tahowata tun daga bayan gari. But kuwa aka cika shi da akwatin sifika, har safaya sai da na bar ta a gida.

Ranar ƙaramar Sallah na nufi gidanmu da ke cikin gonaki. Wanda ya san ƙasarmu ya san burtali: rairayi ne tsakanin shinge biyu, amalanke ta haƙe gefe da gefe ta bar doro a tsakiya. A kan doron nan motata ta hau ta kwanta kamar kaza a kan ƙwai. Na taka totur, tayoyi suka yi ta watsa ƙasa, ko motsi. Na fito da sabuwar shadda ina tono da hannu, kiɗa na tashi daga but don na manta ban kashe ba, yaran unguwa suka kewaye ni suna rawa. A ƙarshe shanun huɗar maƙwabcinmu ne suka ja ta har ƙofar gida, ni ina ciki riƙe da sitiyari, ina godiya ga baƙin gilashi.

Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwansa a baya. Bai tambayi kuɗinta ba, bai tambayi gudunta ba. Ya ce, "Buhu nawa take ɗauka?" Na buɗe but don in nuna masa girmansa, sai ga akwatin sifika ya cinye wurin tas. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Allah ya sanya alheri. Ashe rediyo ka saya."

Na ji haushi, na ce a raina tsoho bai waye ba. Amma mutumin nan ya tashi ne a inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta ko shekara ɗaya, sai dai a ciyar da ita da taki. Da jaki ya yi ta kai itace birni yana dawowa da mangalar shara. A wurinsa duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu, da kayan da yake ɗauka ake auna shi. Kakar wannan shekarar, geronmu a amalanken haya ya zo gida, motata na fake a gindin darbejiya tana sheƙi. Inna kuwa sau ɗaya ta shiga, da kyar muka fito da ita saboda gwiwa, ta ce nan gaba in za a kai ta asibiti a nemo mai babur.

Labarin zance ba zan ja shi ba. Na bar kiɗa yana tashi a ƙofar gidan su yarinyar kusan awa biyu, batir ya mutu, ƙannenta suka tura ni. Ita ce uwar 'ya'yana yau, kuma ƙannen nan, da gemunsu da iyalansu, har gobe in mun haɗu a wurin suna sai ɗaya ya ce, "Yaya, ko a taɓa turawa?"

Kada a ɗauka na yi hankali. Na dai ƙara girma, wautar ma ta ƙara kuɗi. Zamanin ne da ake kiran motoci da laƙabi, ana musu a kan End of Discussion da Discussion Continues, wannan ya ce Big Daddy, wancan ya ce Muscle. Na daina son ƙara, na koma son nauyi, motar da in ka fito daga ciki za a ce maka Alhaji ko ba ka je ba. Na ci bashi na sayi wata mai silinda shida da kujerun fata, a kan albashin malamin makaranta. Mai nake sa mata lita biyar-biyar, kamar mai ba majinyaci kunu. Esi kuwa ba na kunnawa sai na kusa majalisa. Wata rana a tsakiyar bazara allurar mai ta kwanta, na ɗage gilasai ba tare da na kunna komai ba, don dai a ga alamar sanyi. Na fito rigata sharkaf, wani abokina ya dube ni ya ce, "Malam, esin nan naka da ruwa yake aiki?"

Abin da Baba da Inna da shanun huɗa suka kasa, jawabi ɗaya ya yi shi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Na ajiye mai silinda shida a zaure har kaji suka saba da ƙarƙashinta, daga baya na sayar da ita da asara. Bayana ma ya fara ciwo a daidai lokacin, kamar sun haɗa baki.

Yanzu Golf 3 gare ni, mai dogon baya, irin wadda ke jigilar mutane da awaki tsakanin Gezawa da Kunya, wadda a da nake kira motar haya ina taɓe baki. Tambayoyi uku na yi kafin in biya: yaya shan manta, ana samun kayanta a Ƙofar Ruwa, kuma za ta ɗauki buhu nawa. Sai da ta ukun ta fita daga bakina na ji muryar wanda nake ara, Allah ya jiƙansa. Na sa bakanike ya ɗaga mata baya. Tana kai taki gona, tana ɗauko albasa daga Wasai, burtali kuwa ko a jikinta. Matsalar ɗaya ce: duk inda na bi sai a tsayar da ni. Wata tsohuwa ta shiga ba sallama ta ce a sauke ta kasuwa, da muka isa ta kwance bakin zane ta miƙo ɗari biyar. Na so in ce mata ni mataimakin shugaban makaranta ne. Na karɓa.

Da yamma a majalisa mu ne masu zagin yaran zamani da motocinsu na banza. Amma na lura da wani abu. A da ƙarya nake yi a kan gudu, in ce na taka ɗari da sittin a hanyar Zariya alhali ɗari da ashirin ne. Yanzu ƙaryar ta koma kan lita: na je Kano na dawo da lita huɗu, in ji ni, alhali shida ne. Abokina mai Corolla ya ce shi uku da rabi. 'Yan kallon ne suka tsufa, sai muka canja musu wasa.

Shekaranjiya wani yaro ya wuce mu da wata baƙar mota a kwance da ƙasa, salansa na tsawa. Na yi tsaki da ƙarfi don kowa ya ji, na ce burtali na jiransa. Ya tsaya sayen rake a gaba kaɗan. Na ce wa jama'a zan je in yi masa nasiha, na tashi ina dafe da baya, na zagaya motar sau ɗaya, na sunkuya daidai tagarsa na rage murya na ce, "Samari, ƙafafun nan nawa ka saye su?"