To, Wa Ke Abuja?

A garinmu sunana Ɗan Abuja. Ko Hajiyarmu haka take kira na in akwai baƙi a tsakar gida. Duk sallah in na je, bayan la'asar akan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Kawu, in miƙe ƙafa in yi ta zuba labarin wuraren da na fi so a birnin tarayya: lambun Millennium, tafkin Jabi, Babban Masallaci, dutsen Zuma, gasasshen kifin barikin Mogadishu. Abin da ba a taɓa tambayata ba, ni kuma ban ga dalilin tsokano shi ba, shi ne ɗakin da nake haya yana Mararaba, kuma yawancin wuraren nan ta tagar bas muka saba da juna, ina kan hanyar zuwa aiki.

Sai ga yanar ido ta kama Kawu, aka turo shi wani asibiti a Abuja. Ya sauka daren Alhamis, na kai shi ɗakina cikin duhu. Da ya tambayi sunan unguwar na ce masa Abuja ta Gabas. Ana sallame asuba muka kama hanya don mu riga cunkoso, muka isa asibiti, aka ce likita sai Litinin.

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Yau sai ka zaga da ni wuraren nan naka, tun idon yana da saura."

Na taɓa aljihuna na yi salati a zuci, na yi shatar tasi.

Muka fara da inda aka tara manya: Majalisar Dokoki mai koriyar ƙubba, Kotun Ƙoli, da Fadar Shugaban Ƙasa can gindin dutsen Aso. Kawu ya ce direba ya tsaya. Tunda mun zo har ƙofar gida, wucewa ba gaisuwa rashin tarbiyya ne, ga shi ma da goro a aljihu. Direba ya dube ni ta madubi, ya ƙara taka mota. Kawu bai ji haushi ba. Ya sauke gilashi ya ɗaga wa dutsen dunƙulallen hannu ya ce "Ranka ya daɗe," sannan ya gyara zama ya sanar da mu cewa shi fa ya girmi garin nan gaba ɗaya. Yana da mata da 'ya'ya lokacin da Janar Murtala ya yi jawabi a rediyo, a watan Fabrairun 1976, cewa za a ɗauke babban birni daga Ikko. Kwana goma bayan nan aka harbe shi. Sai a Disambar 1991 Babangida ya tattaro gwamnati ya tare. "Saboda haka yaro ne," Kawu ya ce, yana nuna garin da haɓa. "Yaron da aka saya wa riga ta fi ƙarfinsa."

A lambun Millennium na sami bakin magana, don na taɓa shiga. Na shaida masa Sarauniyar Ingila Elizabeth ce da kanta ta buɗe shi a Disambar 2003, zamanin Obasanjo, lokacin taron ƙasashe renon Ingila. Kawu bai ko saurare ni ba. Ya tsuguna bakin rafin da ya ratsa lambun, ya damƙi ƙasa ya murza, ya kai hanci.

"Gonar wa?"

"Ba gona ba ce, Kawu. Wurin shan iska ne."

"Iskar da ke bakin titi ta ƙare ne?" Ya miƙe yana kaɗe hannu. "Ga ruwa, ga ƙasa baƙa, a ce ciyawa aka shuka. To ciyawar ma ina dabbobin da za su ci?"

Ina cikin neman amsa ya hango wani saurayi da budurwa cikin anko, sun jingina da juna, mai hoto ya durƙusa a gabansu. Kafin in riƙo shi ya isa. Ya yi sallama, ya ɗaga hannu ya kwararo musu addu'ar zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, suka shafa cikin jin kunya. Sannan ya tambaya yaushe aka ɗaura. Saurayin ya ce saura wata biyu, Baba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya kama kafaɗarsa ya matsar da shi kamu uku daga yarinyar, ya tsaya a tsakani, ya ce wa mai hoto bismillah. Na tabbata har yau akwai wani gida a Abuja da ke da hoton Kawuna a falo, ko kuma a kwandon shara.

Don in rage asara na sallami tasi, na ce ai Wuse 2 nan ne kusa, ma taka. Ta tagar bas ko'ina kusa ne. An zana Abuja ne don mai mota, kuma tun 2006, zamanin El-Rufai yana minista, aka kori 'yan acaɓa daga cikin gari. Muka yi ta tafiya cikin Maitama rana tana dukan ƙeyarmu. Katanga, waya mai lantarki, ƙofar ƙarfe, sai wata katangar. Babu zaure, babu dakali, babu randa a ƙofar kowa. Kawu ya yi ta waige yana tambaya ko rasuwa aka yi, duk mutanen unguwa sun tafi jana'iza. Da ƙishirwa ta ishe shi ya tsaya a wata ƙofa ya rangaɗa sallama har sau uku. Kare ne ya amsa, kuma daga muryarsa ka san ya fi mu cin abinci mai kyau. Ban san Kawu yana da sauran gudu haka ba.

Muna haki muka faɗo wani titi mai manyan kantuna, na karanta masa allon: titin Aminu Kano. Nan take ya tsaya cak. Kawu tsohon ɗan PRP ne, har yanzu hoton Malam yana rataye a zaurensa, kuma in ya tuna rasuwarsa a 1983 sai idonsa ya kawo ruwa. Ya yi masa addu'a, sannan ya yanke hukunci: a nan za mu sha shayi, don titin jagoran talakawa ba zai yi wa talaka tsada ba. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya tura ƙofar gilashi.

Aka kawo mana ruwan zafi a kofi, da ƙullin ganye mai zare, da sukari a 'yar takarda. Kawu ya naɗe hannu yana jiran mai shayin ya zo ya haɗa, ya ɗaga sama ya juye tsakanin kofi biyu yadda aka saba. Da ya ga shiru ya tambayi yarinyar da ke hidima ko maigidan nata ba shi da lafiya ne. Ba burodi, ba ƙwai. Da takardar kuɗi ta zo na so in ɓoye, ya ce in karanto. Na karanto. Ya sa na maimaita. Ya yi shiru, can ya ce, "Da Malam ya ga wannan takarda, da yau ya sake kafa NEPU." Ya kwashe ragowar sukarin ya zuba a aljihu, ya ce mun saye shi har da teburin.

A Babban Masallaci kam ban sha gori ba. Wanda bai taɓa tsayawa a harabarsa ranar Juma'a ba, ya ga ƙubbar nan mai ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu, ya ga minista da mai gyaran takalmi kafaɗa da kafaɗa a sahu, to akwai abin da ya rage masa a Abuja. Tun 1984 ginin yake tsaye, ya riga gwamnatin kanta tarewa. Kawu ya yi tsit, har na ga yana share ido, na ce a raina yau dai na fita kunya.

Bayan sallama muka fito cikin 'yan kasuwar Juma'a, masu huluna da turare da zuma da dabino. Wani mai hula ya ƙura wa Kawu ido, ya yi tsalle ya zube yana gaisuwa. Ɗan garinmu ne. Aka gama tambayar gida da damina, sai ya juyo ya gan ni.

"A'a! Ai ɗan naku maƙwabcina ne, Baba. Layinmu ɗaya a Mararaba."

"Abuja ta Gabas," in ji Kawu.

"Wace Abuja? Jihar Nasarawa dai, ƙaramar hukumar Karu."

Kawu bai ce mini uffan ba. Ya sayi hula, ya sa na biya. Sannan ya zaro wata tsohuwar takardar naira ɗari daga aljihun ciki, ya juya bayanta ya nuna mini dutsen Zuma, ya ce saura wannan.

Muka hau motar Suleja. A hanya na yi ƙoƙarin farfaɗo da mutuncina da ɗan tarihi: cewa Suleja ita ce Abuja ta asali, ta sarakunan Zazzau na Haɓe, ta bar wa sabon birni sunan ta ɗauki na sarkinta Sulaimanu Barau. Muna wuce Madalla dutsen ya tare mana sama, baƙi ƙirin, santsi tun daga kai har gindi. Kawu ya sauko ya daɗe yana kallo. Ana cewa akwai fuskar mutum a jikinsa. Ni mai ido biyu lafiyayyu na karkata kai hagu da dama ban ga komai ba sai zanen ruwan sama. Kawu mai yana ya ce ga ta nan ƙarara, har ta yi kama da wani da ya ci masa bashi a kasuwar Kurmi. Wani mai sayar da rake ya sa baki ya ce Baba ya yi sa'a, mutane daga nesa suke zuwa Jihar Neja don dutsen nan.

"Jihar me?"

"Neja, Baba."

Kawu ya juyo a hankali. "Kai kana Nasarawa. Dutse yana Neja. To, wa ke Abuja?"

Kifin barikin Mogadishu, wanda shi ne gaskiyar abin da na fi so a garin, ta taga muka gaisa da hayaƙinsa a hanyar komawa Mararaba, don abin da ya rage a aljihuna kuɗin mota ne cif. Muna gangarawa daga AYA muka faɗa cunkoson yamma, wanda duk ma'aikacin da ba ya iya biyan hayar cikin gari yake ninƙaya a ciki kullum, daga nan har Nyanya har Mararaba. Na rufe ido ina jiran faɗa.

Sai na ji Kawu yana dariya. Ya zuge gilashi, ya leƙa har kafaɗa. Ga mai gyaɗa, ga mai ayaba, ga mai tocila, ga mai tarkon ɓera, ga wani ɗauke da agogon bango da madubi da labule. Kowa yana magana, rabinsu da Hausa. Ya taya agogon, mai shi ya ce albarka. Suka ci gaba da ciniki, mota tana rarrafe mai agogo yana tafe a gefe ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, har suka gano kakanninsu sun yi fatauci tare, aka sallama. Ya sayi bokiti. Ya sayi rediyo. Ya raba faɗa tsakanin direba da kwandasta, ya raba wa fasinjoji goron Shugaban Ƙasa. Da aka kira magariba ya sauka ya yi alwala ya bi jam'i a bakin titi, ya dawo ya tarar da motarmu ta yi gaba da tsawon mota biyu. Ya shigo yana sheƙi ya daki cinyata.

"Ɗan nan, me ya sa ka ɓata mana yini? Ai nan ne garin!"

An yi aikin ido lafiya. A hanyar komawa, in ji direban da na damƙa shi a hannunsa, ya sa an tsaya a Zuma, ya duba da sabon ido ya ce fuskar ta gudu, likita ya cuce shi.

Shekaranjiya ya bugo mini waya. An sa ranar auren autarsa, matansa biyu za su zo sayayyar kayan ɗaki, kuma ya riga ya ba su labarin wata kasuwa a Abuja da kake zaune a mota kaya suna zuwa su same ka. In kai su da ƙarfe biyar na yamma, in samar musu kujerar taga. Na ce masa, Kawu, kasuwar nan fa ba ta ci ranar Lahadi. Ya ce ya sani, shi ya sa ranar Litinin za su taho.