Takardar Koke Zuwa ga Hajiya Wutar Lantarki, a Kan Kwandon da Ta Bari a Rataye

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Wutar Lantarki, ɗiyar Kainji, mai fita ba sallama, mai dawowa ba neman gafara, Allah ya ja zamaninta.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar turaku da wayoyi, ma'aikacin wani ɗakin binciken nama a Birnin Kebbi, wanda ba shi da wata sarauta sai farar riga da safar hannu, yana gabatar da kokensa game da abin da Hajiya ta aikata daren jiya, lokacin da ta janye daga ɗakin a daidai minti ɗayan da bai kamata kowa ya janye ba. Da yake Hajiya ba ta cika daɗewa a wurin ba balle ta san sana'ar da ake yi a ciki, ya zama dole a fara yi mata bayani, domin kada ta ce an kai ta ƙara a kan abin da ba ta fahimta ba.

Sana'ar ita ce histoloji, wato nazarin tsarin naman jiki a ƙarƙashin madubin likita, kuma da ita ake tantance ko ƙarin da aka ciro daga jikin majiyyaci sankara ne ko kumburi ne kawai. Madubi ba ya ganin komai a cikin dunƙulen nama sai an yanka shi siriri har haske ya iya ratsa shi, kauri maikuron 3 zuwa 5, alhali maikuron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ɗanyen nama ba ya yankuwa haka, don haka ake fara tsoma shi a fomalin, sinadarin da ke tsayar da ruɓewa ya kuma daskarar da ƙwayoyin halitta a siffarsu, wanda likitan Jamus Ferdinand Blum ya gano amfaninsa a 1893. Daga nan sai a zuƙe ruwan da ke cikinsa da alkohol mataki-mataki, daga mai ƙarfin kashi 70 har zuwa zalla, sannan a kori alkohol ɗin da zailin, sannan a kori zailin da narkakken kakin farafin mai zafin digiri kusan 60, domin kaki ba ya haɗuwa da ruwa ko alkohol, zailin ne ke shiri da alkohol da kakin duka biyu. Kowane sinadari yana miƙa naman ga na gabansa hannu da hannu, kuma sharaɗin aikin gaba ɗaya shi ne kada iska ta shiga tsakani.

Injin da ke wannan aiki da dare tsohon samfuri ne mai tukwane 12 a jere a da'ira, goma na sinadarai biyu na kaki, da kwando a rataye a samansu wanda aka zuba ƙananan kaset na roba a ciki, kowane kaset ɗauke da naman mutum guda da lambarsa da aka rubuta da fensir. Kwandon yakan yi awa ɗaya ko biyu a tukunya, sai hannun injin ya ɗaga shi, ya ɗan tsaya ya tsane, ya juya, ya sauke shi a ta gaba. Idan aka tara dukan lokutan da yake yi a sarari tun daga la'asar har asuba, ba su kai tsawon shan shayi ba. Wannan ɗan taƙin Hajiya ta zaɓa. Da ta tafi kwandon yana cikin fomalin, da babu mai rubuta mata takarda. Da ta tafi yana cikin zailin, da an yi tsaki an haƙura. Amma ta jira, da haƙurin da ba a san ta da shi ba, sai da hannun injin ya fito da shi daga alkohol zalla na ƙarshe, ya tsaya da shi a sama, sannan ta ɗauke ƙafa. Janareto kuwa, kamar yadda kowa ya sani, dizal ɗinsa na ɗakin tiyata ne, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da hakan.

Alkohol zalla ba ya buƙatar awa guda kafin ya tashi a iskar bazarar Kabi, inda zafin rana a watan Afrilu yakan haura digiri 40, bango kuma ya riƙe shi har tsakar dare. Da gari ya waye, abin da aka tarar a kaset ɗin kilishi ne, kuma ya kamata Hajiya ta san cewa wannan ɓarna ba irin wadda aka saba da ita ba ce. Ɓarnar injin iri uku ce a wajen masu sana'a. Akwai naman da bai sha sinadari ya ƙoshi ba, galibi mai kitse irin na mama ko wanda aka yanka ya wuce kaurin milimita 4: ana gane shi da taushin tsakiya da warin zailin, yana lotsawa cikin kaki bayan kwana biyu, yankansa kuma yana tarwatsewa da zarar ya taɓa ruwan ɗumi. Maganinsa sananne ne, a narkar da kakin, a koma da naman baya ta zailin da alkohol, a sake bin matakan daga farko. Akwai wanda ya wuce kima a alkohol ko a kaki mai zafi har ya ƙandare, wuƙa tana karkarwa a kansa tana barin layuka-layuka a jere. Shi ma ana lallashinsa, a aske fuskar kakin, a kifa ta a kan ƙanƙara mai ɗan ruwa na wasu mintoci, a yanka a hankali da sabuwar reza. Na ukun shi ne naman da iska ta busar, kuma a kansa littattafan sana'a sukan gajarta magana, don babu abin kirki da za su faɗa. Iska ta shige gurbin da alkohol ya bari, ƙwayoyin sun tsuke sun manne da juna, kaki ba ya ratsa su, reza tana maida su gari, kuma abin da ya tsira ya hau gilashi yakan fito a tsattsage, cibiyoyin ƙwayoyinsa sun shafe sun zama tabo mai duhu marar zane. Ana jiƙa shi kwana guda a fomalin da aka gauraya da gilisirin, ko ya ɗan kumbura ya karɓi kaki, kuma an yi hakan tun da safe, amma wannan dabara siffar waje take maidowa, ba ta maido da abin da likita ke nema a ciki.

Abin da likita ke nema kuwa yana cikin cibiyar ƙwaya. Rinin da ake yi wa kowane gilashi kala biyu ne: hematoksilin, wanda ake samu daga wani itace na yankin Kampece a ƙasar Meziko, yana rina cibiya shuɗi, iyosin kuma yana rina sauran jikin ƙwaya ja-ja. Girman cibiya, da kaifin gefenta, da yadda duhunta ya rarrabu, da yawan waɗanda aka kama suna rabuwa biyu, su ne shaidun da ake yanke hukuncin sankara da su. Hajiya ta shafe shaidun, ta bar alƙali da kotu.

Ga kuma wanda aka yi wa. Cikin kaset ɗin da suka kwana a rataye har da gutsuren mafitsara bai fi ƙwayar shinkafa ba, daga wani dattijo na ƙasar Argungu da ya yi rayuwarsa tsakanin taru da fadama. Duk wanda ya san kwarin Rima ya san tsargiya, fitsarin jinin da tsutsar ruwa ke haddasawa, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo sankara a 1994, domin ƙwayayenta da ke maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru suna iya kai shi ga sankara. Irin wannan nama da ma mai wuyar sha'ani ne, saboda tsofaffin ƙwayayen sun zama alli, suna tsaga bakin reza suna jan tsagi a yanka, har sai an ɗan jiƙa fuskar kakin a asid mai rauni kafin a ci gaba. Tambayar da aka aiko da shi ita ce ko sauyin da ke bangon tabon tsohuwar cuta ne ko kuwa an riga an ƙetare, kuma ba a amsa ta sai da cibiya lafiyayya. Jini idan ya lalace a kwalba, a sake ɗaure hannu a ɗiba. Wannan kuwa sai an sake kiran dattijon daga ƙauye, ya sake sayar da buhun shinkafa, ya sake hawa mota, a sake kwantar da shi a zura masa madubi ta mafitsara, kuma wanda zai tsaya gaban 'ya'yansa ya ce musu naman babansu ya lalace ba Hajiya ba ce. Mai farar riga ne, kuma shi za a kalla a ce bai iya aikinsa ba.

Ba a ce duk laifin ɗakin nata ne ba, kuma adalci ya sa a ambaci sauran masu laifi ko da a gurguje. Akwai mai cusa ƙari kamar dunƙulen hannu a kwalbar da da ƙyar ta ɗauke shi, ya ɗiga fomalin a kai, alhali ƙa'ida ita ce ruwan ya ninka naman sau goma ko fiye, kuma tafiyarsa cikin nama ba ta wuce kimanin milimita ɗaya a awa, don haka kafin ya iso daga Zuru ko Kamba tsakiyarsa ta ruɓe. Akwai fomalin da ya yi tsami, wanda ke barin baƙin ƙura a naman da ke da jini har a ɗauka tabon zazzaɓin cizon sauro ne, sai an wanke da asid fikirik cikin alkohol. Akwai ruwan burtsatse da wani lokaci ya ƙi shuɗanta hematoksilin sai an ƙara masa ɗan sinadari mai kanwa-kanwa, da zailin da ruwa ya shiga ya sa gilashi ya yi hazo, da ƙurar hunturu da ke sauka kan komai. Duk waɗannan suna da magani a cikin kabad, kuma ana yi.

Amma ko maganin nasu sai an bi ta ƙofar Hajiya, kuma a nan ladabi ya ƙare. Kakin da ke narkewa a digiri 56 zuwa 58 yakan yi laushi a ɗakin da fanka ba ta juyawa, sai ƙanƙara. Ƙanƙara sai firji. Firji sai ita. Ruwan da ake shimfiɗa yanka a kai dole ya tsaya wajen digiri 45, idan ya huce yankan ya tattare, idan aka ɗumama shi da butar shayi ya zarce sai kakin ya narke naman ya watse. Ma'aikacin da ya yi shekaru yana karatun kimiyya ya koma aiken yaro bakin titi ya sayo ƙanƙarar leda daga hannun masu sayar da ruwan sanyi, yana ciniki da masu zoɓo a kan ƙulli guda, don a gano ko uwar wani tana da sankarar mahaifa. Wannan wulaƙanci ne, kuma ba shi da wani suna.

Abin da ya fi ciwo shi ne Hajiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, bashi ma ake bin ta. Ruwan da ke wucewa ta Argungu da gefen Birnin Kebbi yana gangarawa ya faɗa kogin Neja a saman Yawuri, daga can ya tafi ya juya injinan Kainji, madatsar da aka kammala a 1968 bayan tafkinta ya haɗiye garuruwa da gonaki ya tashi dubban mutane, cikinsu har da na ƙasar Yawuri. Kabi ta ba da ruwa, ta ba da ƙasa. A Birnin Kebbi ɗin nan ne kuma babbar tashar da Hajiya ke yada zango kafin ta hau waya ta nufi Dosso da Yamai, tafiyar da take yi tun shekarun 1970. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka ce ta tsaya, ta tsaya cak. Da aka ce ta koma, ta koma, abin da ya tabbatar tana da kunne kuma tana jin magana idan manya ne suka yi ta. Mai ƙarfin ƙetare iyakar ƙasa ta kasa riƙe kwando na minti ɗaya. Laifin babba rowa.

Tun da an san ba za ta daina tafiya ba, kuma takardar neman inbata da batir tana can tana jiran sa hannu, ana roƙon Hajiya ta riƙa tafiya bisa jadawali, ga shi an sauƙaƙa mata. Daga la'asar zuwa isha kwandon yana cikin fomalin da alkohol mai kashi 70, inda nama ke iya kwana ba abin da ya same shi, don haka tana iya zuwa duk inda ta ga dama. Daga tsakar dare yana cikin alkohol zalla da zailin, inda jinkirin awa biyu ko uku ke ƙandarar da shi, sai ta taƙaita ziyara. Gab da asuba yana cikin kaki, wanda idan ta fita zai daskare ya riƙe kwandon, idan ta dawo kuma injin ya yi ta ja har ya ƙone kansa, don haka a wannan lokaci ko dai ta zauna ko kada ta dawo sai ma'aikata sun iso. Idan kuma ta ji hannun injin ya fara ƙara yana ɗagawa, ta ƙirga sittin kafin ta miƙe.

Za a sake ɗora wani kwandon yau da ƙarfe huɗu na yamma, kuma an sa ɗalibi ya kwana kusa da shi da tocila da bokitin alkohol mai kashi 70, ko da Hajiya ba ta samu damar karanta wannan takarda ba.

Daga mai koke,
Ma'aikacin ɗakin binciken nama, Birnin Kebbi.