Yadda ake yi wa tako ado ba tare da an binne shi ba

Duk mai son ƙawata tako, abincin nan na 'yan Meziko, ya fara da ɗaure hannunsa ɗaya a baya, domin da hannu ɗaya ake cin abin nan, a tsaye, cikin loma biyu ko uku. Masu sayar da shi a titunan birnin Meziko sun daɗe da yanke hukunci: faifan masara mai laushi guda biyu, na ƙasan yana gadin na sama idan ya yage, sai nama, yankakkiyar albasa, ganyen koriyanda, matsin lemun tsami da miyar barkono, ja ko koriya, gwargwadon jarumtarka. Kowane ɗaya da aikinsa. Albasa tana kawo ƙarmas-ƙarmas, tsami yana yanke maiƙo, barkono yana tashin mai gyangyaɗi. Abin da ba shi da aiki, ka sallame shi tun daga bakin faranti.

Za a ce ai a Amurka ana jibga latas, tumatir, cuku da kirim mai tsami a cikin ɓawo mai ƙarfi, kuma gidan abincin Taco Bell, wanda Glen Bell ya buɗe a Kalifoniya a 1962, ya yi arziki da hakan. Gaskiya ne, kuɗi sun shigo. Sai dai ɓawon nan yana tarwatsewa a cizon farko, lodin ya zube kamar motar kasuwa da ta karye a kan gada, rigarka ta ci rabin abincin. In dai sai an nemo cokali, to salak kake ci.

Wani zai kawo hujjar abarba, tunda 'yan Meziko da kansu suna ɗora ta a kan tako al pastor, wanda ya samo asali daga shawarmar da 'yan Labanan suka kai ƙasar (da naman alade ake yin al pastor, mai tafiya ya kiyaye, ya nemi na tunkiya irin na jihar Hidalgo). To, yanki ɗaya siriri ake sa masa, don zaƙinsa ya rage kaifin yaji. Haka kabejin takon kifi na garin Ensenada, da jar albasar Yukatan da aka jiƙa a ruwan tsami: kowanne an ɗauke shi aiki ne, ba gayyar biki ya zo ba.

Idan baƙonka ya nemi ƙarin ado, ba shi tako na biyu.