Mesa Ta Kame Baki

A Amurka da Turai akwai masu ajiye maciji a ɗaki kamar yadda muke ajiye kyanwa. Wadda suka fi ƙauna ita ce ƙaramar mesar nan da ake kai musu daga Togo da Benin da Ghana, mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Ba dafi, ba faɗa. Aibinta ɗaya: rana tsaka sai ta kame baki, wata uku, wata shida, ko kallon ɓera ba ta yi. A nan ake sanin halin ubangidanta.

Akwai Malam Zullumi. Kwana goma da fara yajin ya sayo sikeli, kullum da asuba sai ya ɗora ta ya rubuta a littafi. Wata na cika, mesa tana nan ɓul-ɓul, shi kuwa wando ya fara zame masa.

Sai kuku, wanda ya fi ba ni tausayi. Daskararrun ɓeraye ne jere a firiza, maƙwabtan naman miyar uwargida. Zai narkar da guda a ruwan ɗumi, ya hura masa zafi da abin busar gashin matarsa, don mesa da ƴan ramukan leɓenta take jin ɗumin nama. Ɓera mai sanyi a wurinta da dutse duk ɗaya. Wani har a romon kaza yake tsomawa. Daga nan a kashe fitila, a kama wutsiya da hantsaki, a yi ta kaɗa gawar wai don ta yi kama da mai rai. Magidanci da gemunsa, sha biyun dare, a durƙushe yana wa mushen ɓera rawa! Gimbiya ta leƙo, ta zaro harshe sau biyu, ta koma ɗaka.

Mai zafin kai shi ba ya lallashi. Ɓera mai rai zai jefa mata ya tafi barci, da safe ya tarar abincin ne ya gwaguyi bayan mai ci.

Akwai kuma ɗan burga, wanda duk baƙon da ya zo sai an rataya masa ita a wuya an ɗau hoto, sannan yana mamakin me ya ɓata mata rai.

Tsohon hannu ba ya wahalar da kansa. Zai duba ko ɓangaren ɗumin akwatin ya kai digiri 31, ko idonta ya yi hazo alamar saɓa ta kusa, ko dai lokacin sanyi ne kawai. Ya gyara mata maɓoya, ya rabu da ita mako biyu. Sai in ta rame ko numfashinta na ƙara yake neman likitan dabbobi.

In ka baƙunci ɗayansu aka ce ɗauko ƙanƙara a firiza, ka leƙa ledar tukuna kafin ka zura hannu.