Ƙuri'a Uku, Alkawari Biyar

Duk wanda ya san ni a zauren WhatsApp na 'yan garinmu zai rantse cewa ni mutum ne mai tsayayyen ra'ayi. Babu gwamnan da ban yi wa wankin babban bargo ba. Babu shugaban ƙasa, na Abuja ko na Washington, da ban feɗe wa biri har wutsiya ba, tsakar dare, ina kishingiɗe da waya a hannu. To, yau zan fasa ƙwai: jarumtar tawa ta nesa ce. Da zarar ɗan takara ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidana ya yi mini murmushi, sai harshena ya manta yadda ake cewa a'a. Abin da ya tona mini asiri kuwa shi ne zaɓen da ya fi kowane zaɓe ƙanƙanta a nan Amurka, wato zaɓen hukumar makarantun unguwarmu.

Shekara da shekaru muna zaune a Bronx ban san da wannan zaɓe ba, domin tun 2002 makarantun birnin New York suna hannun magajin gari ne. Sai da muka tattara komatsanmu muka koma wata unguwa a yankin Westchester, saboda karatun yara, na tarar da wani tsari daban. A nan kowace gundumar makarantu tana da hukumarta, kuma a kusan dukkansu mazauna ne ke zaɓen membobinta. Ranar Talata ta uku ta watan Mayu ake fita, a zaɓi mutane, a kuma ce e ko a'a ga kasafin kuɗin makarantu na shekara mai zuwa. Membobin ba su da albashi ko sisin kwabo, amma su ne ke ɗaukar babban shugaban makarantun gunduma, su ne ke sallamarsa, su ne ke sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar malamai, su ne kuma ke tsara ranakun hutu. Kuɗin da suke juyawa daga aljihunmu yake fitowa: fiye da rabin harajin gidan da nake biya makaranta yake tafiya, harajin gida kuwa a Westchester yana cikin mafi tsada a duk Amurka.

Matsalata ita ce a takardar wannan zaɓe babu sunan jam'iyya. A zaɓen shugaban ƙasa mutum yana da inda zai fake, ya ce ai jam'iyyarmu ce. A nan 'yan takarar su ne uwar ƙawar 'yata, da likitan haƙori, da dattijon da ya ara mini injin kwashe ƙanƙara shekarar da ta rufe mini ƙofar gareji. Mutanen da za ka haɗu da su gobe a layin biyan kuɗi a kanti.

Tun kafin Afrilu ya yi nisa ake fara ƙwanƙwasa ƙofa, domin doka ta ce sai ɗan takara ya tara sa hannun mutum 25 aƙalla, ko kashi 2 cikin 100 na waɗanda suka yi zaɓen bara idan hakan ya fi yawa. Wata Asabar da hantsi wata mata ta zo, da tarin takardu a hammata. Ta ce azuzuwa sun cika, ana bukatar ƙarin malamai ga yaran da ke koyon Turanci, kuma ana shirin rage motocin ɗaukar yara. Na tuna yadda ƙaramin ɗana ya sha fama a shekararsa ta farko, na ce wannan magana haka take, babu ko tantama. Na kawo mata shayi, na sa hannu, na ce ta kafa allonta a ciyawar gidana. Bayan la'asar sai ga dattijon nan mai injin ƙanƙara. Shi kukansa haraji ne. Ya ce tun 2011 jiha ta sa wa gundumomi linzami, ba za su ƙara harajin makaranta fiye da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara ba sai kashi 60 na masu zaɓe sun amince, amma duk da haka tsofaffin da suka gina unguwar suna sayar da gidajensu suna barin gari. Na tuna takardar harajin da ke kan firji, wadda nake kauda kai idan zan buɗe shi. Na ce wannan magana haka take, babu ko tantama. Shi ma ya sha shayi.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙarya nake musu. Da ƙarya ce da abin ya zo da sauƙi, maƙaryaci ai ya san inda ya dosa. Ni duk wanda ke gabana, muddin yana magana, da gaske nake yarda da shi. Sai ya juya baya imanin ya bi shi.

Kafin Mayu ya kama, alluna biyar ne a ciyawar gidana, ga kujeru uku kacal ake nema. Uwargida ta leƙa ta taga ta ce, "Malam, nan gida ne ko ofishin hukumar zaɓe?" Babbar 'yata, wadda ta fi ni sanin siyasar makarantarsu, ta ce, "Baba, waɗannan biyun na gefe fa ba sa ga-maciji da juna." Na gyara murya na ce mu gidan sulhu ne. Babu wanda ya yi dariya, sai ƙaramin, shi ma don ya ga alamar ina bukata.

Ina da uzurina, kuma na daɗe ina lallashin kaina da shi. An raine mu a kan baƙonka annabinka, kuma ba a kunyata wanda ya tako gidanka. A can gida ɗan siyasa ya san idan aka ce masa "ba komai, sai ranar," an dai sallame shi ne cikin mutunci, shi ma zai yi godiya ya wuce. Mutanen nan kuwa da biro suke yawo. Kana cewa to, sai a sa wa sunanka alama, ranar zaɓe kuma a bugo maka waya ana tambaya ko kana bukatar mota. Amma in don tarbiyya ce, ai tare aka raine mu da uwargida, ita kuwa cikin fara'a take cewa, "Na gode, amma na riga na yanke shawara," ta rufe ƙofa, kuma har yau kowa yana gaishe ta. Ashe abin da nake kira kara, rabinsa tsoro ne: ba na son a ce ga wanda bai ji daɗina ba.

Da zaɓen wasa ne da ban damu ba. Mutane kaɗan ne ke fitowa, har ƙuri'u 'yan ƙalilan sukan raba gardama. Tsallaken kogin Hudson, a gundumar East Ramapo, an yi shekaru ana rikici kan hukumar da ta zaftare ma'aikata da darussa a makarantun gwamnati, har jiha ta tura masu sa ido, sannan a 2020 kotun tarayya ta yanke cewa yadda ake zaɓen hukumar ya tauye haƙƙin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Mu ma muna da tamu bukatar. Birnin New York ya fara ba da hutun Sallah a makarantunsa tun 2015, amma a wajen birni kowace hukuma ita ke yanke nata. 'Yan'uwa a masallaci, waɗanda suka saba jin kaifin bakina a kan siyasar duniya, suka ce ai babu wanda ya dace ya ɗauki maganar sai ni.

Daren muhawarar 'yan takara a ɗakin karatu na makarantar sakandare aka yi shi. Ba a ba mutum makirfo, ɗan ƙaramin kati ake rabawa ka rubuta tambayarka. Na fara da gaisuwa, kamar yadda ya kamata. Na gode wa 'yan takara bisa sadaukarwarsu, na yaba wa malamai, na nemi afuwa idan tambayar za ta zo a lokacin da bai dace ba. Ina kawowa kan maganar Sallah kati ya ƙare. Mai gabatarwa ta ɗaga shi, ta juya bayansa, ta ce wani bawan Allah yana gode wa kowa. Aka tafa. Ni ma na tafa.

Ranar zaɓe na shiga zauren motsa jiki na makaranta da niyyar nuna ni ma namiji ne, tunda a bayan ɗan shingen nan babu mai ganin fuskata. Batun kasafi ban ɓata lokaci ba, na ce e, domin kasafi bai taɓa shan shayi a gidana ba. Da na iso kan sunaye sai na ga kamar kowannensu yana kallona. Alkawari kaya ne. Na cike wa duka biyar. Na'urar karɓar ƙuri'a ta ƙi amincewa, ta nuna na zaɓi fiye da ƙima, wata tsohuwa mai aikin zaɓe ta miƙo mini sabuwar takarda tana cewa hakan yakan faru da masu raunin gani. Ban musa mata ba. Wa na zaɓa a karo na biyu, wannan tsakanina da Ubangijina ne, sai dai a filin ajiye motoci mutum biyu sun gode mini, kuma ɗaya ne kawai ya cancanci na amsa.

Yanzu uwargida ta karɓe aikin buɗe ƙofa daga Afrilu zuwa Mayu, ni kuma an umarce ni da zama a ɗaki idan an ƙwanƙwasa. Sai dai an makara. Ɓangarorin biyu sun lura cewa akwai mutum ɗaya a unguwa da ke shiri da kowa, kuma kwanan nan suka tare ni a kanti, inda uwargida ba ta nan, suka ce me zai hana in tsaya takara baɗi. Mai karatu ya riga ya san amsar da na bayar. Abin da ya rage mini shi ne sa hannun mutum 25 ɗin nan, kuma addu'ata dare da rana ita ce Allah ya sa maƙwabtana sun iya abin da ni na kasa.