Allurar mai ta faɗi, mu kuma muka yanke waya

Duk fadar da direbobin manyan motoci ke zama a Yamai, daga Talladje zuwa Harobanda, kafin a zuba shayi na biyu sai an taɓo zancen allurar mai, wato wadda ke nuna ƙarfin man inji. Wannan ya ce tasa ta faɗi da tsakar rana kafin ya shiga Birnin Ƙonni. Wancan ya ce tasa lafiya lau take a kan hanya, sai ya tsaya a shingen jandarma ne take sauka har jar fitila ta kama. Kowa da labarinsa, kowa kuma da maganinsa, kuma maganin namu shi ne abin da ya kamata mu zauna mu duba.

Abin da muka fi yi shi ne mu ɗora wa waya laifi. Direba ya kira maigida ya ce jar fitila ta kama, maigida ya ce: "Injin na ƙara ne?" Ya ce a'a. "To ci gaba, wutar motar nan dama ba ta da gaskiya." In an iso gari sai a kira yaron mai gyaran wuta ya cire wayar, ko a manna wa fitilar baƙin salatif, hankalin kowa ya kwanta. Wani lokaci kuwa gaskiyar maigida ce, don ƴar na'urar da ke kai saƙo daga inji zuwa tablo tana mutuwa, musamman a tsofaffin Mercedes da DAF da Renault da suka gama aiki a Turai kafin su iso mana. Amma ba mu gwada ba balle mu sani. Caca muka yi da injin miliyoyi.

Gwajin kuma ba wani abin wahala ba ne. Akwai agogon gwaji na hannu, mai ɗan tiyo, wanda ake ɗaurawa a ramin da aka kwance na'urar nan. A tada mota, a bar ta ta yi zafi sosai, don mai mai sanyi yana da kauri, yana ɓoye ciwo. Sannan a karanta sau biyu: inji na aiki a hankali, da kuma an taka totur. Yawancin manyan injunan gazuwal, in sun yi zafi, suna ba da wajen bar 1 zuwa 2 a tsaye, bar 3 zuwa 5 in an taka, kodayake kowane inji da adadin da kamfaninsa ya rubuta. In agogon hannu ya nuna lafiya, na'ura ce ta mutu, a sayi sabuwa a wuce wurin. In shi ma ya nuna ƙasa, a kashe mota nan take. Garejin da ke taɓa babbar mota ba shi da wannan agogo, a ganina bai gama haɗa kayan aiki ba.

Sai magani na biyu, wanda muka fi alfahari da shi: a zuba mai mai kauri. Mota na shan 15W-40, sai mu ce zafin Yamai ya fi ƙarfinsa, a kawo wanda ya fi shi nauyi. Akwai ma masu tsiyaya man giya a kai. Allura takan ɗan tashi, direba ya yi murna. Ai dole ta tashi, tunda man ba ya wucewa da sauƙi. Da asuba kuwa, lokacin sanyin hunturu, wannan man mai kauri sai ya ɗauki lokaci kafin ya kai turbo da saman inji, ƙarfe na cin ƙarfe kafin ya iso. Ɗan'uwan wannan dabara shi ne cusa washa a bayan sifirin na bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai. Duk allura muke yi wa magani, inji na nan da ciwonsa.

Tsofaffin kanikawa, irin waɗanda suka yi zamani da motocin Berliet, ba da spana suke farawa ba. Na ga wani dattijo a garejin unguwarmu ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya shafa man tsakanin yatsa biyu, ya kai hanci. Ya dubi direban ya ce: "Ɗana, yaushe rabonka da ƙara mai?" Direba ya ce ai motar ba ta cin mai, ƙaruwa ma yake yi. Dattijon ya girgiza kai. Mai ba ya ƙaruwa da kansa. Gazuwal ne ke zuba daga anjekta yana gangarawa cikinsa, ya tsinka shi, ga warin nan a yatsa. In kuma man ya koma launin shayi mai madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Su biyun duk suna kada allura, kuma ba wanda mai mai kauri zai warkar.

Daga nan ya sa aka kwance filtar mai, aka yanka ta, ya baje takardar ciki a rana. Abin da yake nema shi ne ƙyalƙyalin ƙarfe. In ya ga ɗan burbushi mai launin jan ƙarfe, ya san kusine sun cinye, wato ƴan farantan da sandar inji ke juyawa a kansu, kuma ta wannan giɓin mai ke tserewa. In takarda ta fito tsaf, sai a sauke kwanon ƙasan inji a duba rariyar da famfo ke tsotso mai ta cikinta. Sau da yawa ita ce ta toshe da dagwalon tsohon mai da guntayen gam ɗin da muke lafta wa gasket. Famfon mai shi ne na ƙarshe da ake zargi, mu kuwa shi muke fara aika yaro kasuwar Katako ya nemo.

Dagwalon nan ma mu muke tara shi. Muna ja wa juyen mai lokaci don tafiya ɗaya ta ƙara shiga. Muna sayen mai a jarkar da ba mu san inda aka cika ta ba don ta fi araha da jaka biyu. Muna kaɗe filtar iska mu mayar har ta yage, ƙurar hunturu ta shiga inji ta haɗu da mai tana goge ƙarfe. Ga lodi fiye da kima, ga zafin Afrilu da Mayu da ke yawan haura digiri 40.

Hanyoyinmu kuma ba sa yafiya. Mai tankar da ya ɗauko mai daga matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, yana da kusan kilomita 900 a gabansa kafin ya ga Yamai. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kaya da yawa ta Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Dori da Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. A wannan hanya ba direban da ke son tsayawa shi kaɗai a daji, kuma ba mai ganin laifinsa. Ga jiran kwana da kwanaki kafin ayari ya tashi, wasu na barin inji na aiki a tsaye tsawon sa'o'i, abin da ke ƙara tsinka mai. Shi ya sa gwajin nan na agogon hannu a gareji ya kamata a yi shi, kafin a ɗaura tamfol.

Iyayen gidanmu masu motoci, don Allah in direba ya kira ya ce allurar mai ta faɗi, ku ce masa ya sami wuri mai aminci ya kashe inji, kada ku zabge masa kuɗin tafiya don ya tsaya. Ku kuma ƴan'uwa direbobi, a mayar da wayar nan da aka cire, a ɓare salatif ɗin daga kan fitila kafin lodi na gaba.